Wuƙar Maharbi da Maƙeran Gaya: Waiwaye Adon Tafiya

Da wuya a sami wanda ya yi makarantar firamare a ƙasar Hausa bai ji labarin Bayajida ba, yadda ya taso daga Bagadaza ya sauka Barno, ya auri 'yar sarki, ya gudo da ita ya bar ta a Garun Gabas saboda tsohon ciki, sannan ya isa Daura da dare ya kashe macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Abin da malamai kan tsallake da sauri, domin ɗokin kai yara bakin rijiya, shi ne zangon da baƙon ya yi kafin ya shiga Daura. A nan Gaya ya sauka, kuma maƙeran garin nan ne labarin ya ce sun ƙera masa wuƙar da ya datse kan macijiyar da ita.

Masana tarihi sun daɗe suna ja-in-ja a kan ko an yi Bayajida a matsayin mutum guda, ko kuwa labarin wata hikima ce ta magabata da suka dunƙule ƙaurar al'ummu da sauyin sarauta a cikinta. Ba wannan gardamar ce ta kawo mu ba. Ko da ƙagaggen labari ne, wanda ya tsara shi yana da garuruwa da yawa a gabansa, amma da ya zo neman inda jarumi zai sami makamin da ba zai ba shi kunya ba, Gaya ya ambata, kuma masu sauraronsa ba su yi masa musu ba. Ba a jingina wa gari abin da ba a san shi da shi ba. Akwai kuma labarin baka na biyu da ke ƙarfafa wannan, wato na Abagayawa, maƙeran da aka ce sun tashi daga Gaya suna neman tama har suka yada zango a gindin Dala, a ƙarƙashin wani mai suna Kano, wanda birnin ya ci sunansa. Masu haƙar kayan tarihi sun tono ragowar murhun narka tama a Dala, gwaji ya nuna ya kai wajen ƙarni na 7 Miladiyya, wato ɗaruruwan shekaru kafin Bagauda, wanda ake ƙirga farkon sarautarsa daga shekarar 999. Littafin tarihin Kano da Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908 kuwa ya nuna Barbushe, na zuriyar Dala, a matsayin gawurtaccen mafarauci mai kashe giwa. Ke nan maƙeri da maharbi tare suka zauna a tushen ƙasar nan, ɗaya na ƙera, ɗaya na kawo nama.

Yana da kyau matasanmu da suka tashi a Legas da Fatakwal da Abuja su san cewa ƙarfen wancan zamani ba sayo shi ake yi ba, yin sa ake yi. A haƙo tama, a farfasa ta, a gina murhu na yumɓu, a jera ta hawa-hawa da gawayi, wanda aka fi so ya zama na ƙirya saboda ƙarfin wutarsa, a yi ta ba wuta iska har dattin dutsen ya narke ya tsiyaye, ya bar wani curi mai ramuka kamar saƙar zuma. Wannan curin ba jiki ɗaya yake ba. Wani ɓangarensa ya sha gawayi sosai ya yi tauri, wani kuma laushi gare shi. Gwanintar maƙeri ita ce ya gane wanne ne wanne daga yadda yake amsa masaba a kan uwar maƙera, ya ware mai taurin domin bakin wuƙa da aska da kan kibiya, ya bar sauran wa fartanya da garma. Saboda haka wuƙa mai kyau aba ce mai tsada a da, ana gadonta kamar yadda ake gadon gona.

Tun kafin zuwan Turawan mulki baƙon ƙarfe ya fara shigowa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zauna a Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 a kowace shekara ta hanyar Sahara, akasarinsu ƙirar garin Solingen na Jamus, sai a yi musu mariƙi da kube a nan. Amma takobi kayan sarakuna ne da mayaƙa. Talaka maharbi bai daina zuwa maƙerar unguwarsu ba. Abin da ya karya kasuwar tama shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, shekara takwas bayan Turawa sun ci birnin. Daga nan sandunan ƙarfen Turai da tarkacen layin dogo suka wadata, suka fi arha, suka kuma hutar da mutane wahalar haƙa da sarar itace. Kafin tsakiyar ƙarni na 20 narka tama ta zama labari a yawancin ƙasar Kano. Lokacin da Baturen nan Philip Jaggar ya zauna da maƙeran birnin Kano a farkon shekarun 1970, binciken da ya zama littafi a 1994, da tsofaffin ƙarafa ya same su suna aiki.

A nan akwai wata gaskiya da masu kukan an bar al'ada ba su cika son ji ba. Wuƙar da aka ƙera bayan zuwan mota, da sifirin ɗin tsohuwar babbar mota, ta fi yawancin wuƙaƙen tama riƙe kaifi, domin ƙarfen sifirin jiki ɗaya ne daga wannan kai zuwa wancan, kuma sinadarin gawayin da ke cikinsa, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 ba, daidai yake da abin da wuƙa ke bukata. Ilmin narka dutse ne muka yi asararsa, ba ingancin wuƙa ba. Ingancin ya faɗi ne daga baya, sa'ad da masu neman riba da gaggawa suka koma ƙira da rodin gini da fallen gwangwani, waɗanda ko an shekara ana tsoma su a ruwa ba za su yi tauri ba.

To, yaya maharbin da yake zaɓen wuƙarsa? Da farko ba ya haɗa ta da wuƙar faɗa. Wuƙar da ake ɗaurawa a damtse, mai baki biyu da tsini kamar mashi, ta kare kai ce. Ta aiki baki ɗaya gare ta, bayanta da kauri yadda zai ɗora babban yatsa ya danna, tsawon ruwanta kuma bai cika wuce taƙi ɗaya ba, domin doguwar wuƙa ba ta jin magana a cikin ƙirjin dabba. Yana son bakinta ya yi ciki, ya lanƙwaso zuwa sama wajen ƙarshe, saboda fatar barewa da ta gada siririya ce, mai tsini kan huda ta, ƙirgin ya rasa daraja a wurin majema. Mafi muni kuma ta huda tumbi ko hanji ta ɓata naman tun a daji, inda babu ruwan wankewa. Hasali ma gwanin fiɗa kaɗan yake amfani da wuƙa. Ya tsaga ƙafafu da tsakiyar ciki, sauran aikin da dunƙulen hannu yake raba fata da nama. Ƙashin gwanki ko na ɓauna kuwa ba a sa masa wuƙa, aikin gatari ne, kuma maharbin da aka ga bakin wuƙarsa da giɓi an san ɗan koyo ne. Ga kuma hukuncin yanka: dabbar da aka harba aka iske ta da sauran rai dole a yanka ta nan take, wuƙa mai dakushi kuwa kan sa mutum ya yi asarar abin da ya kwana uku yana bin sawunsa.

Sirrin duka yana ga mataki na ƙarshe a maƙera. Bayan an buge wuƙa an daidaita ta da magagari, sai a mayar da ita wuta, ɗan zuga ya yi ta aiki da zugazugi har ta yi ja sosai, zafin da a ma'aunin yau ya kai wajen digiri 800, a tsoma ta cikin ruwa ko mai. A wannan hali ta yi tauri amma tana iya karyewa kamar kwalba. Sai a sake ɗumama ta a hankali har ƙarfen ya ɗauki launin busasshen kara, a janye. In aka gaza, ta karye. In aka zarce, ta yi laushi, kullum tana bisa dutsen washi. Ba da ma'auni maƙeri ke gane wannan ba, da ido ne, shi ya sa yake son yin aikin a inuwar rumfa inda launin wuta ke fitowa sosai. Mai saye da ya san abin da yake yi kan goga magagari a bakin wuƙar. In ya ci ta kamar sabulu, ya mayar. In ya zame yana ƙara, ya taya. Sai ya duba ƙota, wadda ake so ta zama ta ƙirya ko marke ko ƙaho, ya tabbata wutsiyar ƙarfen ta shige ta har ƙarshe an tanƙwashe ko an buga mata ƙusa, domin wuƙar kasuwa yawanci a nan take cin amanar mai ita. Kube kuwa na baduku ne, da fatar akuya da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, kuma a kan shafa wa ruwan wuƙar mai kafin a mayar da ita, saboda fata na riƙe danshi.

Abin da ya rage wa wannan wuƙa aiki ba maƙeri ba ne, daji ne ya ƙare. Gonaki sun cinye saura, farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 ya tafi da itatuwa da dabbobi, bindiga kuma ta gama da abin da kibiya da dafin kwankwani suka bari. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar soja ta 1985 mai kare dabbobin da ke neman ƙarewa sun zo, amma sun tarar da ɓarnar ta yi nisa. Barewar da ake yi wa karin magana cewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yanzu tana cikin jerin dabbobin da duniya ke fargabar ɓacewarsu, kuma yaronmu da ke son ganin gwanki ko mazo sai dai a kai shi wuri irin Yankari, gandun da aka keɓe tun 1956. Babu mai hankalin da zai ce a koma kisan ɗan abin da ya saura. A birni kuma wuƙar gargajiya ta yi baƙin jini saboda 'yan daba, har dattijo kan ji nauyin a gan shi da abin da kakansa ke alfahari da shi.

Duk da haka kowane ɗayanmu na neman wuƙa sau ɗaya a shekara, ranar Babbar Salla, kuma fiɗar rago ba ta da bambanci da ta barewa sai wajen kitse. Da yawanmu kan tsaya a bakin titi mu sayi mai ƙyalli 'yar waje, mai mariƙin roba, wadda ba ta kai rago na biyu. Alhali a cikin tsofaffin adakoki da rufin zaurukan gidajenmu akwai wuƙaƙen da suka girmi iyayenmu, kuma a kan same su a buhun 'yan gwangwan, an saye su a kan kilo tare da fasassun tukwane. Wanda ya zo gida bana ya tambayi tsofaffin gidansu ina wuƙar kaka take, wa ya ƙera ta, da wane ƙarfe, ya rubuta amsar tun masu ba da ita suna nan. In ta yi tsatsa, toka da ɗan man gyaɗa sun isa. In ƙotar ce ta tsage, maƙeri zai sake mata wata kafin a tashi daga kasuwa.