Daga Ayari zuwa Babur: Yadda Hanyar Maraɗi Ta Gagari Matafiyan Zamfara

A kan taswira, tafiya daga Gusau zuwa Maraɗi ba ta da wuya. A bi ta Ƙauran Namoda, a wuce Zurmi, a faɗa Jibiya, a tsallaka iyaka a Ɗan Isa, sai ga Maraɗi. Tafiyar yini guda ce a kan babur mai lafiya. Amma a yau, duk wanda ya tara abokai goma daga Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ya ce su hau babura su ratsa daji zuwa Nijar don buɗe ido, ya ɗauko abin da zai iya cin ransu. Ƙauyawa za su watse da jin ƙugin injinansu, jami'an tsaro kuma za su ɗauke su 'yan bindiga. Fahimtar yadda aka kai ga haka tana buƙatar komawa ga zamanin da jaki da raƙumi ke kan waɗannan hanyoyi.

Tafiyar rukuni tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma tana da tsari. Ayarin fatake yana da madugu, wanda ya san hanya, ya san sarakunan da ke kanta, kuma shi ke daidaita kuɗin da za a biya a kowane gari da kowace mashiga ta kogi. Akwai jagaba da ke gaba, da uban dawaki, da malamin ayari mai riƙe lissafi da addu'a. A ƙarshen yini akwai zango, a kasuwa kuma akwai maigida da ke saukar da baƙi ya tsaya musu a ciniki. Da wannan tsari aka riƙa kai kaya har Gwanja a komo da goro.

Hanyoyin Zamfara ba su kasance lafiya ba a ƙarni na 19. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora sun kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri, daga can suke kawo hari kudu. Baturen Ingila Clapperton, da ya bi ta Zurmi zuwa Sakkwato a 1824, sai da aka haɗa shi da 'yan rakiya kafin ya ratsa dajin Gundumi. Bajamushe Barth ya ratsa wannan daji a 1853 cikin tafiyar dare da rana ba hutawa. A wancan zamani yawan jama'a shi ne garkuwa: wanda ya fita shi kaɗai ya sayar da kansa, wanda ya shiga ayari kuwa yana da mai magana da yawunsa.

Turawa ne suka mai da wannan fili iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta ja layi daga Say zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, aka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, saboda Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Tsakanin 1906 da 1908 aka kafa alamomin iyakar a ƙasa. Maraɗi da Tsibiri suka faɗa hannun Faransa, Zamfara ta zauna ƙarƙashin Ingila. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau ya zarce Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka juya fuska zuwa kudu, aikin madugu ya fara komawa hannun direba da ɗan kamasho. Zumunci da auratayya da cin kasuwa dai ba su tsaya a shingen kwastan ba. Sun ci gaba ta ƙananan hanyoyin da jakuna suka taka.

Waɗannan hanyoyi babur ya gada. Ya fara yawaita a shekarun 1970, musamman bayan ƙarin albashin Udoji, yana abin alfaharin malamin makaranta da malamin gona. Daga baya baburan China da na Indiya masu araha, irin su Jincheng da Bajaj, suka mai da shi abin neman abinci na 'yan kabu-kabu. Shi ke kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga, shi kuma ke ɗaukar jarkokin fetur zuwa Nijar a zamanin tallafin mai. A daidai lokacin, Turawa sun gano daɗin hawan babur a sahara: gasar Paris zuwa Dakar ta farko, wadda aka tashi a Disamban 1978, ta bi ta Agadas da Yamai. Matsalar tsaro a Muritaniya ta sa aka soke gasar a 2008, aka ɗauke ta daga Afirka. Ko masu jiragen sama da kuɗin talla sun gane cewa inji ba ya maye gurbin lafiyar hanya.

A takarda, doka ta sauƙaƙa wa matafiyi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya zauna kwana 90 ba biza, ta 1982 kuma ta kawo katin inshorar abin hawa da ke aiki a ƙasashen. Sai dai takarda tana aiki ne a mashigar hukuma, kamar Jibiya ko Illela, kuma muddin gwamnatoci na shiri da juna. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Abin da ya fi rufe hanya shi ne sauyin ma'anar jerin babura. 'Yan bindigar dajin Zamfara sun mai da babur dokin yaƙi, mutum biyu ko uku a kan kowane, har sukan sa sababbin babura cikin kuɗin fansa. A Mayun 2019 rundunar sojan Najeriya ta haramta hawan babur a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Zamfara da Katsina da Sakkwato. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita sayar da fetur da lokutan hawan babur. Dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun 2019, yawancinsu a ƙafa, suna gudun hijira.

Yawan jama'a, wanda ya kare fatake a Gundumi, yanzu shi ne alamar barazana. Madugu ya iya wucewa ne saboda akwai sarkin da ke karɓar kuɗin hanya kuma yake iya ba da tabbacin lafiyarta. A sassa da dama na karkarar Tsafe da Bunguɗu da Zurmi, masu karɓar haraji daga manoma a yau su ne masu tare hanyar. Shirin tafiyar rukuni yana farawa da fasfo da katin rigakafi da takardun babur, amma yana tsayawa a kan tambayar da madugai suka saba yi kafin a ɗaure kaya: wa ke riƙe da hanya tsakanin wannan zango da na gaba? Har sai amsar ta zama hukuma, hanyar daji zuwa Maraɗi za ta ci gaba da zama ta waɗanda larura ta tilasta wa bin ta.