Karɓa-karɓar Fitowa a Wasan Kwaikwayon Hausa: Asalinta da Matsalar Rubuta Ta

Abin da muke kira karɓa-karɓar fitowa shi ne dabarar nuna al'amura biyu, na wurare biyu ko na zamani biyu, a yanka wannan a shiga wancan, sa'an nan a komo, har mai kallo ya gane dangantakarsu da kansa. A wannan maƙala za mu duba inda ta samo asali, da abin da take bukata daga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci.

Masu tarihin silima sukan jingina ta ga D. W. Griffith na Amurka, wanda a fim ɗinsa na 1916, Intolerance, ya sarƙa labari huɗu na zamani huɗu. A kan dandamali kuwa, Arthur Miller ya gwama jiya da yau cikin gida ɗaya a wasansa Death of a Salesman na 1949. Amma Bahaushe bai jira waɗannan ba. Mai tatsuniya ya daɗe yana barin Gizo a daji ya leƙa Ƙoƙi a gida. Haka Abubakar Imam ya yi a littafin farko na Magana Jari Ce, na 1937, inda labari ke kai da komowa tsakanin fada, wurin da aku ke ba da labarai, da fagen yaƙin da Sarki ya tafi.

Kayan aikin wannan dabara suna cikin nahawu. Kalmomi irin su "ana nan", "can kuma", "shi kuwa" da "ashe" su ke sanar da mai saurare an sauya wuri. Siga mai ci, kamar "suna tafiya", tana riƙe al'amari ɗaya a buɗe, sa'an nan shuɗaɗɗiyar siga ta jerin labari ta kawo na biyu. A Hausar yamma, wadda ake yi a Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, wannan siga ita ce "sunka" da "munka", inda Kano ke cewa "suka" da "muka".

A Nijar, wasan da ake kira teyatur ya bunƙasa bayan juyin mulkin 1974, sa'ad da gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da samariya, aka kuma soma bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976. Ƙungiyoyi sukan yi gasa tun daga gundumomi har zuwa matakin ƙasa. Mafi yawan wasannin ba a rubuce suke ba: a kan daidaita a kan zaren labari, kowane ɗan wasa ya kawo maganarsa. Janet Beik ta yi nazarin wannan a littafinta na 1987.

To, a nan matsala take. A kan dandamali ba a bukatar "can kuma", domin ido yana ganin an koma wani gefe. Mu ɗauki misalin ci-rani, wanda ƙasar Adar ta san shi sarai: a dama ga miji a Abijan yana alkawarin aiko kuɗi, a hagu ga matarsa a Illela tana auna sauran hatsi. Mai kallo ya fahimta nan take. In aka ɗauki muryoyin aka rubuta su kamar yadda suka fito, sabon mai karatu zai zaci su biyun suna ɗaki ɗaya, ma'anar wasan kuma ta ɓace.

Taron Bamako na 1966 ya duba haruffa, bai taɓa irin wannan tambaya ba. Shawararmu ita ce, duk mai mayar da wasa rubutu domin masu koyon karatu ya sa sunan wuri a kan kowace fitowa, ya kuma maido da kalmomin mai tatsuniya a bakin mai gabatarwa. Ya bar "sunka" yadda ɗan wasa ya faɗe ta, domin da ita mai karatu na Ƙonni ya saba bin labari tun yana yaro.