Hanyoyin Zuwa Birnin Kano da Fita Daga Cikinsa

Tun zamanin fatauci Kano mahaɗar hanyoyi ce. Mun tsara wannan bayani ne domin baƙo ya san hanyar da zai bi da kuma tashar da zai nufa.

Jirgin sama

Jirgin sama ya fara sauka Kano a shekarar 1925, aka kuma soma jigilar fasinja a 1936. Filin Jirgin Saman Malam Aminu Kano yana arewacin birni, kusa da Sabon Gari. Daga nan jirage ke tashi zuwa Abuja da Legas, da kuma ƙasar Saudiyya, musamman lokacin aikin Hajji da Umra.

Mota

Mafi yawan matafiya da mota suke shigowa. Titin Zariya ne ke kaiwa Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 230, ya zarce Abuja, kuma motocin wannan hanya suna lodi a tashar Unguwa Uku. Mai zuwa Haɗeja ko Gumel sai ya nufi tashar 'Yankaba. Titin Katsina ne hanyar Katsina da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Titin Maiduguri kuwa yana bi ta Wudil zuwa Potiskum da Damaturu. Manyan motocin safa masu zuwa kudancin ƙasar nan daga Sabon Gari suke tashi. Akwai kuma motocin Kano Line, mallakar gwamnatin jiha.

Jirgin ƙasa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, shi ne kuma ya bunƙasa cinikin gyaɗa. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sababbin layuka biyu, ɗaya zuwa Kaduna, ɗaya zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina.

Cikin gari

An hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni a 2013. A Daidaita Sahu ne abin hawan da jama'a suka fi dogaro da shi, sai tasi da ƙananan bas. Hukumar KAROTA ce ke kula da zirga-zirgar ababen hawa.

Shawara ga matafiya

Muna kira ga jama'a da su riƙa shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wayar ɗan uwansa, domin nan ake komawa idan wani abu ya faru a hanya. Motar bakin titi ta fi araha, amma ba wanda ya san direbanta. Haka kuma sammako ya fi tafiyar dare. Allah ya kai kowa lafiya.