Ruwan Tiga: Daga Gonakin Kura Zuwa Fadamar Hadeja

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar rani, da ya iso wajejen Kura zai ga abin mamaki. Ƙasa ta bushe ko'ina, amma nan ga shinkafa da alkama da tumatir kore shar, ruwa yana gudu cikin kanal kamar ana tsakiyar damina. Yaran da aka haifa a Kura da Bunkure da Kadawa sun ɗauka haka Allah Ya halicci wurin. Alhali kuwa abin bai fi shekara hamsin da 'yan kai ba.

Asalin al'amarin shi ne zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A lokacinsa aka tare Kogin Kano a Tiga, aka gama madatsar a 1974, daidai lokacin da farin nan na farkon shekarun 1970 ya gallabi ƙasar Hausa. Aka tsara shayar da kimanin hekta 22,000 a kashin farko na aikin, daga baya kuma Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta karɓi ragamarsa. Mutanen da suka ga yunwa da idonsu ba mai ganin laifinsu don sun yi murna da madatsa.

To, amma kogi ba a Kura ya tsaya ba. Kogin Kano yakan haɗu da na Calawa su zama Kogin Hadeja, shi kuma ya gangara gabas ya bazu cikin fadamun Hadeja da Nguru, ragowar ta bi Kogin Yobe ta nufi Tafkin Cadi. Kafin a yi madatsa, da damina ruwa yakan cika ya malale fadama, da rani kuma ya janye. A cikin wannan ambaliya tarwaɗa da karfasa suke shiga ciyayi su yi ƙwai, 'ya'yansu su girma. In ruwa ya ja baya, masunta su kama kifi, manoma su shuka a danshi, Fulani su kawo shanu.

Da aka rufe Tiga, sannan aka ƙara da madatsar Calawa a 1992, sai ambaliyar ta ragu ƙwarai. Wani abin kuma da ba a zata ba, ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara ya hana rafuka bushewa da rani. Wannan ya yi wa ciyawar kacala daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, jan-baki kuma suka sami maɓoya a cikinta.

A nan ne, a ganina, ya kamata ɗalibin tarihi ya tsaya ya yi tunani. An gina madatsar da ilmin ƙasar noma da na gini, amma ilmin fadamar ya biyo baya ne. Sai a 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamun Hadeja da Nguru, wato shekara 13 bayan an tare ruwa. A farkon shekarun 1990 masana irin su Edward Barbier da William Adams suka auna amfanin da ake samu daga fadamar, wato noma da kifi da itacen wuta, suka gano cewa mudun ruwa guda ya fi kawo amfani a fadama nesa ba kusa ba bisa ga abin da yake kawowa a aikin noman rani na Kogin Kano. Da wannan lissafi ya zo a 1970, wataƙila da an tsara sakin ruwan dabam.

Bugu da ƙari, tunda fari da madatsa tare suka zo, raba laifin kowannensu ya zame wa masana aiki mai wuya, domin ma'aunin ruwa na shekarun baya bai cika ba. Masuncin Nguru ya san irin kifin da ubansa yake kamawa wanda shi ba ya gani yanzu, sai dai wannan sani yana bakin tsofaffi ne, kuma kowace shekara suna raguwa.