BAYANI: Kiɗa a sashen kulawa ta musamman, da abin da yake yi wa dangin mara lafiya

Sashen kulawa ta musamman, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ICU, shi ne inda ake kwantar da mutumin da rayuwarsa ta dogara da na'urori. Wuri ne da ba ya yin shiru dare da rana: na'urar numfashi na huci, ta lura da bugun zuciya na ƙara, ma'aikata na kai da komowa. Mara lafiyan da aka zura wa bututu a maƙogwaro ba ya iya magana, danginsa kuma ba su da abin yi sai kallo. A irin wannan ɗaki ne wasu asibitocin duniya ke amfani da kiɗa da waƙa a matsayin ɓangare na jinya.

Mene ne jinya da kiɗa?

Sana'a ce mai horo da ƙa'idoji. Ta yi ƙarfi ne a Amurka a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da makaɗa ke ziyartar asibitocin sojojin da suka dawo da raunuka da firgici. Jami'ar Jihar Michigan ta buɗe karatun digiri na farko a fannin a 1944, aka kafa ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa a 1950, sannan ta duniya a birnin Genoa na Italiya a 1985. A Amurka, sai mutum ya kammala digiri, ya yi sa'o'i 1,200 na horon aiki, ya kuma ci jarrabawa kafin a ba shi shaida.

Masana na bambanta abu biyu. Akwai kunna wa mara lafiya sautin da aka naɗa, wanda kowace ma'aikaciyar jinya za ta iya yi. Akwai kuma aikin ƙwararre da ke zama a gefen gado, ya tambayi dangi abin da mutumin ke so, ya rera ko ya kaɗa a hankali, yana daidaita saurin kiɗan da numfashin mara lafiya, sa'annan ya riƙa sassautawa.

Abin da bincike ya nuna game da mara lafiya

A 2013 mujallar JAMA ta wallafa binciken da Linda Chlan ta jagoranta a kan mutum 373 da ke kan na'urar numfashi a asibitoci biyar na yankin Minneapolis. An bai wa wasunsu damar sauraron kiɗan da suka zaɓa a duk lokacin da suka so. Zuwa rana ta biyar, fargabarsu ta ragu da kimanin kashi 36 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba, haka ma yawan magungunan sa barci da ake ba su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yawan waɗannan magunguna na iya tsawaita zama a kan na'ura, ya kuma jawo ruɗewar tunani.

Sai dai akwai rukuni na uku da aka ba abin toshe kunne mai tare ƙara kawai, kuma ta fuskar fargaba ba a ga wani bambanci a fili tsakaninsu da masu kiɗan ba. Wato wani ɓangare na amfanin yana iya zama hutu ne daga hayaniya. A 2014 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 14 da suka shafi mutum 805, ta kuma ga alamun raguwar fargaba da saurin numfashi da hawan jini. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin kulawa ta musamman ta Amurka ta fitar a 2018 sun ba da shawarar amfani da kiɗa wajen rage raɗaɗi, tare da bayyana cewa hujjar ba ta yi ƙarfi sosai ba.

Dangi ma marasa lafiya ne

Cutar da ta kwantar da mutum ɗaya tana taɓa gida guda. A Faransa, Élie Azoulay da abokan aikinsa sun tuntuɓi dangi 284 kwana 90 bayan an sallami ɗan uwansu daga sashen ko ya rasu. Sakamakon da suka wallafa a 2005 ya nuna ɗaya cikin uku na da alamun firgicin da ke biyo bayan masifa. Adadin ya kai rabi a tsakanin waɗanda nasu ya rasu a sashen, ya kuma ƙaru ga waɗanda suka ji ba a yi musu cikakken bayani ba. Tun daga 2010 likitoci suka sanya wannan hali a cikin matsalolin da ke biyo bayan jinya mai tsanani: rashin barci, fargaba, baƙin ciki mai nauyi, da makokin da ba ya sauka.

A nan ne kiɗa ke da wani amfani na daban, domin yana bai wa dangi abin yi. Matar da ba ta fahimci lambobin da ke kan allo ba ta fi kowane likita sanin waƙar da mijinta ke so. Idan aka tambaye ta, ta tashi daga 'yar kallo ta koma mai hannu a jinya.

An fi ganin haka a sashen jarirai. A 2013 mujallar Pediatrics ta buga binciken Joanne Loewy, ta Cibiyar Louis Armstrong da ke New York, a kan jarirai bakwaini 272 a sassa 11. Iyaye ne suka zaɓi waƙar reno daga al'adarsu ko tarihin gidansu. An ga sauƙi a bugun zuciyar jariran da barcinsu da tsotsonsu, iyayen kuma suka ce damuwarsu ta ragu. Ga waɗanda ajali ya gabato, Brian Schreck, wanda ya yi aiki a asibitin yara na Cincinnati, ya shahara da naɗar bugun zuciyar yaro ya haɗa shi da waƙar da iyaye suka zaɓa, ya zama abin tunawa a hannunsu.

Iyakar abin da aka tabbatar

Ba kowane gwaji ne ya ba da sakamako mai daɗi ba. Binciken LongSTEP, da ya shafi iyalai 213 a Ajantina da Kolombiya da Isra'ila da Norway da Poland, bai ga wani canji a fili ba a shaƙuwar uwa da jariri ko fargabar iyaye, kamar yadda aka wallafa a 2022. Kiɗa ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya maye gurbin iskar oksijin, ba ya kuma biyan kuɗin gado. Yana ma iya cutarwa: waƙar da ke tuna wa mutum wani rashi, ko sauti mai ƙarfi a kunnen wanda ba ya iya cewa a kashe.

Shi ya sa zaɓi ke gaba da komai. Akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa saboda imaninsu, kuma ba a tilasta musu. Masu bincike a ƙasashe irin su Iran da Malesiya sun gwada kunna karatun Alƙur'ani ga marasa lafiya a wannan sashe, ba don sun ɗauke shi kiɗa ba, sai don shi ne sautin da zuciyar mai sauraron ta saba da shi.

Darasi ga asibitocinmu

A Najeriya da Nijar, dangi ne ke ɗaukar nauyin jinya mai yawa: su ke sayo magani, su ke neman jini, su ke kwana a baranda. Amma da an shiga sashen kulawa ta musamman, sau da yawa a bakin ƙofa suke tsayawa. Abin da wannan fanni ya koyar ba ya buƙatar kasafin miliyoyi. Yana buƙatar ƙa'idar ziyara mai sassauci, da ma'aikacin da zai yi wa dangi bayani, da wanda zai tambaye su: me ɗan uwanku ke son ji? Waɗannan abubuwa ne da shugabannin asibiti ke da ikon yanke hukunci a kansu, kuma 'yan ƙasa na da haƙƙin tambayar su.