Taron masu son barin giya: mene ne shi, kuma ta ina ake farawa a Tawa da arewacin Adar

Jama'a, maganar giya a nan Adar magana ce da ake yi da ƙaramar murya. Gida ya san mai sha, unguwa ta sani, amma kowa ya yi shiru saboda kunya. Shirun nan ba ya warkar da kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya. Shi ya sa muka tattaro muku bayani kan wata hanya da ta taimaki mutane da yawa, wato taron taimakon juna.

Mene ne wannan taro?

Zama ne na mutanen da giya ta kama, suna haɗuwa a kai a kai don su riƙe juna su bar sha. Wanda ya fi shahara shi ne Alcoholics Anonymous, da Faransanci Alcooliques Anonymes, a taƙaice AA. An kafa shi a 1935 a garin Akron na Amurka, lokacin da mutum biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka lura cewa hira da wanda ya san ciwon tana hana su komawa ga kwalba. Sharaɗin shiga guda ne: mutum ya so barin sha. Ba a biyan ko dala, kuma sunan farko ya isa. Kowa ya faɗi halin da yake ciki, saura su saurara ba tare da katse shi ba, abin da aka faɗa kuma nan ake barinsa. Suna bin matakai 12, na farkonsu shi ne mutum ya amsa cewa giya ta fi ƙarfinsa. A 1951 aka kafa Al-Anon domin iyalan masu sha, a 1989 kuma Musulmi a Baltimore suka kafa Millati Islami, suka tsara matakan bisa koyarwar Musulunci.

A fara da likita

Wannan yana da muhimmanci ƙwarai. Wanda ya daɗe yana sha kullum, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Jiki ya saba, in aka tsaya kwatsam, bayan awa 6 zuwa 24 sai makyarkyata da zufa da amai. Wasu kan yi farfaɗiya, wasu kuma a kwana na 2 ko na 3 su ruɗe, suna ganin abin da babu shi. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ciwo ne da ke iya kisa, kuma akwai maganinsa. Mutanen ƙauyuka kamar Barmu, Afala, Kalfu ko Tabalak su fara da CSI mafi kusa. Daga nan ana iya tura mutum asibitin gunduma, kamar na Keita, Abalak ko Cintabaraden, ko babban asibitin jiha, CHR na Tawa. A faɗa wa likita gaskiya: nawa ake sha, tun yaushe, kuma ko ana haɗawa da tiramol. Doka ta ɗora masa riƙe sirrin marar lafiya.

Yadda ake neman taro

Ku tambayi ma'aikacin da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ko ya san wasu da ke kan wannan hanya. Liman ko malamin da kuka amince da shi zai iya haɗa ku da wanda ya riga ya bari. Mai salula da ke jin Faransanci ko Larabci yana iya shiga taron AA ta intanet, ba sai ya nuna fuskarsa ba. Wannan zai yi wa 'yan cin ranimmu da ke Abijan, Libiya ko Aljeriya amfani, don can nesa da gida ne wasu ke koyon sha.

In kuma za a kafa shi a gida, ba sai da ofis ba. A tsarin AA, mutum biyu ko uku da suka haɗu don barin giya sun zama rukuni. Mun san fada, mun san zaman shayi. A tsai da rana da lokaci, a zaɓi wuri nesa da mashaya, kowa ya karɓi lambar ɗan'uwansa don ya kira in kwaɗayi ya taso da dare. A guji wa'azi a kan juna, a guji kai labari waje.

In mutum ya sake sha fa?

Yakan faru, kuma ba ƙarshen tafiya ba ne. Ya dawo zama na gaba, a sake ƙirga daga ranar. Masu AA na ɗaukar alkawarin yini guda ne kawai: yau ba zan sha ba. Ko a Musulunci, mataki-mataki aka haramta giya, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida.

Ku kuma iyaye da matan gida, gori ba ya hana sha. Ku daina biya masa bashin mashaya, amma ku raka shi likita. In akwai duka a gida, a fara kare mata da yara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu lafiya.