Haɗin gida na maganin warin hammata

Haɗin gida na maganin warin hammata shi ne duk wani ruwa ko gari ko mai da mutum ya haɗa da kansa daga kayan ɗakin girki ko na kasuwa, domin ya shafa a hammata ya rage warin da ke biyo bayan gumi. A ƙasar Hausa an fi amfani da alimun, wanda wasu ke kira alif, da lemun tsami da kanumfari da man kaɗanya. A 'yan shekarun nan an ƙara da bekin soda da sitaci da man kwakwa, waɗanda akasari aka koyo daga bidiyoyin intanet. Ana yin haɗin ne saboda araha, ko saboda na kanti yana sa wa wasu ƙaiƙayi, ko don neman abin da ba shi da ƙamshi. Ba kowane haɗi ne yake aiki ba, kuma wasu suna ƙona fata.

Inda warin yake fitowa

Gumi, ko zufa, ko jiɓi, ba shi da wari a lokacin da yake fitowa. Jikin mutum yana da mafitar gumi iri biyu. Ta farko tana ko'ina a fata, tana fitar da ruwa mai ɗan gishiri domin sanyaya jiki. Ta biyu tana hammata da matsematsi, ba ta fara aiki sai an balaga, kuma abin da take fitarwa ya fi kauri, yana ɗauke da maiƙo da furotin. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fata su ne ke cin wannan gumi na biyu, su mayar da shi sinadarai masu wari. Daga cikinsu akwai dangin Corynebacterium da kuma Staphylococcus hominis. A shekarar 2020 masu bincike na Jami'ar York da ke Ingila suka bayyana sinadarin da Staphylococcus hominis ke amfani da shi wajen samar da wari mai kama da na albasa.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ƙananan yara ba su cika warin hammata ba. Ya kuma saɓa wa wata fahimta da ta yaɗu tsakanin Hausawa, cewa "warin ƙashi" yana kama mutum ne idan ba a wanke shi da kyau ba ranar da aka haife shi. Wankan jariri ba ya canza mafitar gumin da ba za ta fara aiki ba sai bayan shekara goma ko fiye. Gado kuwa yana da hannu: akwai ƙwayar halitta mai suna ABCC11, wadda wani nau'inta ke sa hammata ba ta wari sosai. Wannan nau'i ya yawaita a Koriya da Sin da Japan, amma da wuya a same shi a Afirka.

Hausa ba ta kiran kowane wari da suna ɗaya. Akwai ɗoyi, da ƙarni irin na kifi ko jini, da zarni na fitsari, da ƙauri na abin da ya ƙone, da hamami. Na hammata an fi ce masa wari ko tsami, kuma kalmar tsami ta dace, domin wasu daga cikin sinadaran da bakteriya ke fitarwa asid ne.

Tarihi

Alimun ya daɗe a hannun mutane. Tsoffin Misirawa da Rumawa sun san shi, a Indiya ana kiran sa fitkari, a Filifin tawas, Larabawa kuma suna ce masa shabba, kuma a duk waɗannan wurare ana goga shi a hammata. Yana cikin kayan fataucin Sahara: masanin labarin ƙasa al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa a 1154, ya ambaci alimun ɗin Kawar, yankin da ke arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar a yau, a matsayin haja da ake kai wa Masar da Magrib.

A ƙasar Hausa tsaftar hammata tana tafiya da koyarwar addini. Cire gashin hammata yana cikin abubuwan fiɗira da suka zo a hadisan Bukhari da Muslim, kuma ruwayar Muslim ta iyakance kada a bar shi fiye da kwana 40. Gashi yana riƙe gumi da bakteriya, don haka aski kaɗai yana rage wari. A ɓangaren ƙamshi kuma akwai humra da turaren wuta da mata ke haɗawa da sandal da miski da farce da kajiji, sana'ar da Shuwa da Barebarin Borno suka yi fice a kanta. Sunayen da dama aro ne daga Larabci, kamar miski da humra da kanumfari. Sai dai humra tana rufe wari ne, ba ta hana shi, kuma idan ta haɗu da tsohon gumi sakamakon ya fi muni.

Na kamfani bai daɗe ba. An fara sayar da Mum a Filadelfiya ta Amurka a 1888, Everdry mai hana gumi ya fito a 1903, na murzawa mai ƙwallo a baki kuma, wato Ban, ya shigo kasuwa a 1952.

Alimun

Alimun gishiri ne mai haske kamar ƙanƙara, wanda ya ƙunshi fotashiyam da alminiyam da salfet. A gidaje da yawa an fi sanin sa da aikin kwantar da laka a ruwan rafi ko na rijiya, masu aski kuma suna goga shi inda reza ta yanka. A hammata yana hana bakteriya yaɗuwa, yana kuma ɗan tsuke fata. Ba ya tsayar da gumi kamar yadda na kanti masu hana gumi ke yi. Mutum zai yi gumi, amma warin zai ragu.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sami dunƙule, a goge kaifinsa a kan dutse da ruwa har ya yi santsi, a jiƙa shi bayan wanka a goga sau da yawa a kowace hammata, a bari ta bushe kafin a sa riga. Wasu kan daka shi su narkar da ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a rabin kofin ruwan da aka tafasa ya huce, su zuba a kwalbar feshi. Ruwa mililita 100 yana iya narkar da kusan giram 14 a zafin digiri 20, abin da ya wuce haka sai ya kwanta a ƙasa. Akwai kuma masu ƙona shi a kasko: yakan narke cikin ruwan jikinsa a wajen digiri 92, ya kumbura, ya bushe ya zama farin abu mai saurin dakuwa, sai a yi hoda da shi. Masu son ƙamshi kan jefa kanumfari kaɗan a ruwan.

Rashin ƙamshinsa ya sa ya dace da mahajjacin da ke cikin harami da matar da ke takaba, waɗanda aka hana su sa turare. Dunƙule ɗaya yana yin watanni. Sharaɗinsa shi ne fata mai tsabta; idan aka goga shi a kan warin da ya riga ya fito, ba ya yin komai.

Masu tallata shi kan ce ba shi da alminiyam, amma wannan ba daidai ba ne, alminiyam yana cikin asalin gininsa.

Haɗin bekin soda da matsalar zafi

Haɗin da ya fi yawo a intanet shi ne bekin soda da sitaci daidai wa daida, a kwaɓa da man kwakwa har ya yi kauri, a ɗiga turare, a zuba a gwangwani ya daskare. Soda tana kashe tsamin, sitaci yana tsotse danshi, mai kuma yana riƙe su a fata.

An tsara wannan haɗi ne a ƙasashe masu sanyi. Man kwakwa yana narkewa a wajen digiri 24. A Jihar Sakkwato, a garuruwa irin su Boɗinga da Lambara da Shagari da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, zafin rana yana haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, kuma wutar lantarkin da za ta riƙe firij ba ta da tabbas. A irin wannan yanayi haɗin ba ya daskarewa in ba a tsakiyar hunturu ba. Garin yana kwantawa a ƙasa, man ya taso sama, mai shafawa ya kwashi mai zalla a farkon gwangwani ya ɓata rigarsa, sannan ya tarar da soda zalla a ƙarshe. Man kaɗanya ya fi dacewa, domin yana jure zafi har sama da digiri 30, ga shi a kowace kasuwa. Idan aka narkar da shi tare da ɗan kakin zuma, wanda ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 60, haɗin yana tsayawa ko a bazara. Misalin awo shi ne cokali uku na man kaɗanya, ɗaya na kaki, uku na sitaci, da ɗaya kacal na soda. Ana narkar da man da kakin a kwanon da aka ɗora kan ruwan zafi, a sauke, a zuba garin ana juyawa har ya fara kamawa.

Wasu kan maye gurbin soda da kanwa, ganin 'yan uwan juna ne. Kanwa, wadda ake kawowa daga yankin Tafkin Cadi da Manga, cakuɗe ce ta sodiyam kabonet da sodiyam bikabonet da gishiri da yashi. Ta fi soda kaifi nesa ba kusa ba, ƙarfinta kuma yana bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, don haka ba ta dace da fatar hammata ba.

Illoli

Fatar mutum tana da ɗan tsami, ma'auninta na pH yana wajen 5, na bekin soda kuwa ya ɗan haura 8. Shafa ta kullum yana sa wa mutane da yawa ja da ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma a fata baƙa wurin yakan bar tabo mai duhu bayan ya warke. Waɗanda abin ya shafa kan cire sodar gaba ɗaya su bar sitaci da mai.

Lemun tsami yana rage wari na 'yan awoyi saboda asid ɗin da ke cikinsa, amma yana da haɗari biyu. Yana raɗaɗi sosai a fatar da aka aske. Kuma yana ɗauke da sinadaran da, idan hasken rana ya taɓa fatar da suka zauna a kai, ke haddasa ƙuna da bororo da baƙin tabo mai daɗewa. Yawanci a hannu da ƙirji abin ke fitowa, inda ruwan ya ɗiga. Man kanumfari mai ƙarfi shi ma yana ƙona fata idan ba a sirka shi ba. Duk sabon haɗi ana gwada shi ne a cikin dantse kwana ɗaya ko biyu kafin a kai shi hammata, kuma ba a shafa komai a ranar da aka yi aski. Haɗin da aka yi da ruwa da ganye ba shi da sinadarin hana lalacewa, yana iya yin fumfuna cikin 'yan kwanaki a lokacin zafi.

Ana yawan cewa alminiyam ɗin da ke cikin na kanti yana jawo sankarar mama. Cibiyar Nazarin Sankara ta Amurka ta ce ba a sami hujjar da ta tabbatar da haka ba. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar dai ta wajabta a rubuta a jikin masu hana gumi cewa masu ciwon ƙoda su tuntuɓi likita kafin amfani.

Akwai warin da ba ya jin haɗin gida. Idan gashin hammata ya yi wani kauri rawaya ko ja kamar an shafa masa abu, ko fatar ta yi tabo ruwan ƙasa mai ɓarewa, alama ce ta cutar bakteriya da ke buƙatar magani daga asibiti. Haka kuma gumin da ya wuce kima ko a sanyi, ko gumin dare mai tafiya da rama da tari, ko warin jiki da ya canza farat ɗaya, domin ciwon sukari da na hanta da na ƙoda duk suna iya canza warin mutum.

Sayarwa

Mata da dama da ke sana'ar humra da turaren wuta a Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haɗa maganin hammata cikin kayan gyaran amarya, suna tallata shi ta WhatsApp da Instagram. A dokar Najeriya, kayan kwalliyar da za a sayar wa jama'a suna buƙatar rajista da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tare da rubuta abubuwan da ke ciki a jikin mazubi. Akasarin haɗin da ake sayarwa hannu da hannu ba ya ɗauke da irin wannan rubutu.